An Ci Mu Har Gida: Ina Ne Kotoko Ta Zubar da Kofin Afirka a Janairun 2005?

A duk wani bes da ake dafa ataya a Aboabo ko Asawase, zangunan Kumasi, in kana so hira ta ɗau zafi ba sai ka kawo siyasa ba. Ka ce "9 ga Janairu" kawai, ka ja bakinka. Kafin ka kurɓi shayinka wani zai ajiye kofinsa ya ce, "Wallahi da Baturen nan bai cire Taylor ba, da kofin nan yana Manhyia." Taylor ɗan gaban Kotoko ne da koci ya fitar ana cikin wasa, Manhyia kuwa fadar Sarkin Asante ce. Sauran su gyaɗa kai. In akwai ɗan Hearts a wurin, kuma ba a rasa ko da ɗaya, sai ya sunkuyar da kai yana murmushin mugunta. Ni ma na yi shekaru ina rera wannan karatu, don ɗan Kotoko ne ni tun ban san damana da haguna ba, kuma ina cikin filin a ranar. Sai da girma ya fara kama ni na zauna da biro na sake lissafa wasannin biyu, na ga mun ɗora wa canji guda kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kocin Kotoko, Hans-Dieter Schmidt ɗan Jamus, shi ne maratayin. Makashin yana wani wuri, kuma mako guda kafin ranar ya riga ya yi aikinsa.

Ga yaran da aka haifa bayan abin, da 'yan uwanmu na Kano da Zinder da ba su bi labarin ba, ga gundarinsa. Wasan ƙarshe ne na Kofin Kwanfedareshan na 2004, tsakanin Accra Hearts of Oak da Kumasi Asante Kotoko. An buga na farko a Accra ranar Lahadi 2 ga Janairun 2005, aka tashi 1-1. Aka buga na biyu a Kumasi ranar 9 ga wata, aka sake tashi 1-1. A bugun fenareti Hearts ta ci 8-7, ta ɗaga kofi a gaban idonmu. Shi ne karo na farko da kulob biyu na ƙasa ɗaya suka haɗu a wasan ƙarshe na wata gasar CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Sfaxien da Étoile du Sahel na Tunisiya sun maimaita a 2008, Al Ahly da Zamalek na Masar a 2020, amma mu muka buɗe ƙofar.

Yadda aka yi har suka haɗu ma abin dubawa ne, don akwai abin da masu alfahari da wasan ba sa son tunawa. Kofin kansa sabo ne fil a lokacin. Kafin 2004 CAF tana da gasar kulob-kulob guda uku: Kofin Zakarun Afirka, da na waɗanda suka ci kofin ƙalubale a ƙasashensu, da Kofin CAF. Sai ta narkar da biyun ƙarshe ta fitar da guda. A shekarar ce kuma aka fara bai wa ƙasashe 12 da suka fi taɓukawa damar tura kulob bibbiyu gasar zakarun, kuma Ghana na cikinsu. Kotoko ta shiga da kambin lig na 2003, wanda Abdul Razak ya ciyo mata yana koci, bayan Hearts ta kankane lig ɗin shekara shida a jere daga 1997 zuwa 2002. Hearts ta bi ta a baya.

To dukansu biyun an yi waje da su daga gasar zakarun tun kafin a kai matakin rukuni. Sabuwar doka ce ta tsamo su: duk wanda ya faɗi a zagayen ƙarshe kafin rukuni, sai a jefa shi ƙaramar gasa ya sake gwada sa'arsa. Kotoko ta faɗa rukuni ɗaya da Enugu Rangers ta Najeriya da Al Hilal ta Sudan da Petro Atlético ta Angola, kuma da ƙyar ta sha gaban Rangers. Hearts ta haɗu da Coton Sport ta Garwa da Sable de Batié, dukansu na Kamaru, da Santos ta Afirka ta Kudu. Babu wasan kusa da na ƙarshe a tsarin wancan lokaci, wanda ya zo na ɗaya a rukuni ya wuce wasan ƙarshe kai tsaye. Wato wasan da muke kira mafi girma a tarihin kulob-kulob na Ghana, waɗanda suka zame daga babban tsani ne suka haɗu a ƙarami. A shekarar Enyimba ta Aba ce ke ɗaukar babban kofin karo na biyu a jere. Ban faɗi haka don in rage wa wasan daraja ba, amma a riƙe shi a zuciya, zan dawo kansa.

Wanda bai zauna Ghana ba zai yi wuya ya gane nauyin sunayen nan biyu. An kafa Hearts a 1911, Kotoko a 1935. Kotoko da yaren Asante beguwa ke nan, kuma kirarinta shi ne kirarin yaƙin masarautar: "Kum apem a, apem bɛba", in ka kashe dubu, dubu na tafe. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, shi ne uban ƙungiyar. Ta ɗauki kofin zakarun Afirka sau biyu, na 1970 da na 1983. Hearts kuwa, wadda magoya bayanta ke kira Phobia, takenta yana cewa ba a fid da rai sai ƙasusuwa sun ruɓe. Na daɗe ina jin haushin wannan take, don sau biyu cikin kwana takwas suka nuna mana ba waƙa ce kawai ba. Ta ɗauki kofin zakarun a 2000 a kan Espérance ta Tunis, da Cecil Jones Attuquayefio a matsayin koci, kuma shi ne dai ke zaune a bencinta a Janairun 2005.

Mu 'yan zango muna tsakiya, ba Asantawa ba ne mu, ba Ga ba ne, amma babu wanda ya kai mu ɗaukar abin da zafi. Da dalili. Ka duba sunayen da suka gina ƙungiyoyin. Filin Kumasi kansa sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, Osman Seidu, sarkin 'yan gefe, wanda haɗarin mota ya naƙasa a 1963 ya rasu a 1969. Abukari Gariba da Malik Jabir ne suka ci ƙwallayen da suka kawo wa Kotoko kofinta na farko daga Kinshasa. Ibrahim Sunday ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1971, Abdul Razak a 1978. A can Accra kuwa, ka shiga Nima ka ambaci Mohammed Polo ka ga yadda dattawa ke gyara zama. Galibi garin da aka yanke wa mutum cibiya shi ke zaɓar masa kulob, don haka gida ɗaya sai ya rabu biyu. Mu a Aboabo ja muke sawa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata da ke sayar da kayan mota a Accra yana kwana a Nima, ja da rawaya da shuɗi yake ɗaurawa har a madubin motarsa.

Kamata ya yi a buga wasan kafin ƙarshen 2004, amma aka ɗaga shi saboda zaɓen 7 ga Disamba. A takarda dalilin tsaro ne kawai: 'yan sanda ba za su iya da zaɓe da wannan wasa a lokaci guda ba. A bakin mutane kuwa abin ya fi haka. John Kufuor, wanda ke neman zarcewa, ya taɓa zama shugaban Kotoko. Abokin karawarsa John Atta Mills an san shi da Hearts. Akwai tsohuwar magana a gari cewa Kotoko ta NPP ce, jam'iyyar Kufuor, Hearts ta NDC, jam'iyyar Mills, duk da cewa zangon Asawase kaɗai ya isa ya ƙaryata ta, don can za ka ga mutum ya dangwala wa lema, alamar NDC, da safe, da yamma ya sa jar riga. Aka rantsar da Kufuor ranar 7 ga Janairu, kwana biyu kafin wasan Kumasi. Wasu daga cikinmu har suna cewa an gama da akwati, saura kofi.

Akwai kuma abin da ya fi zaɓe nauyi a zukatan iyayenmu mata. Ranar 9 ga Mayun 2001, ƙungiyoyin nan biyu sun kara a filin Accra. Hearts ta ci 2-1 da ƙwallaye biyu a ƙarshen wasa, wasu 'yan kallo suka fara ɓalle kujeru suna jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, aka yi turmutsitsi a matakala. Sama da mutum 120 suka rasu, da yawansu samarin Nima da Maamobi da sauran zangunan Accra. Ba a cika shekara huɗu da wannan ba aka ce ga su nan kuma, kuma a kan kofin Afirka. Kawu ya iso Kumasi ranar Asabar da daddare ya sauka gidanmu. Da safe Mma ta ajiye mana koko da ƙosai, ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi ta ce, "Kai ne babba. In ka ga an fara jifa, ka kamo hannun yaron nan ku fito, ko da saura minti ɗaya." Kawu ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki. Mu da za mu ɗau kofi me zai kai mu jifa?" Ba ta yi dariya ba. Ta sa shi ya cire hular Hearts ya cusa a aljihu kafin mu fita layi.

Yanzu mu zo kan lissafi, wanda shi ne zuciyar maganar.

A wasan Accra Kotoko ce ta fara ci ta ƙafar Michael Osei bayan an dawo hutu. Ta riƙe wannan ci har agogo ya kusa cika, sannan Louis Agyemang ya farke wa Hearts a ƙurarren lokaci. A Kumasi mun yi murna da 1-1 kamar an ci, saboda dokar ƙwallon waje: in jimillar wasa biyu ta zo daidai, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin hamayya shi ya yi nasara. Turai ta soke wannan doka a 2021, amma a Afirka ko a 2024 da ita Zamalek ta ɗauki wannan kofi a kan RS Berkane ta Maroko. Da 1-1 a aljihu, ko 0-0 aka tashi a Kumasi kofi na Kotoko ne. Abin da kowa ke faɗa ke nan a trotro, wato motocin haya, da kasuwar Kejetia duk makon.

Amma ɗauki biro ka gwada. A ce Agyemang bai ci ƙwallon nan ba, Kotoko ta baro Accra da 1-0. A bar wasan Kumasi yadda ya gudana, kada a taɓa komai: Taylor ya ci, a cire shi, Hearts ta farke, a tashi 1-1. Jimilla 2-1 ke nan, Kotoko ta ɗau kofi, babu fenareti, babu wanda zai tuna an yi wani canji. Schmidt ya zama gwarzo, a ce Bature ya iya rufe wasa. Canjin da muke tsine wa bai zama laifi ba sai don ramin da aka riga aka haƙa a mintin ƙarshe na Accra. Wannan ƙwallo shi ya mai da ratar Kotoko ta zama siririya kamar zaren gizo, irin wadda ƙwallo guda ke tsinkewa.

Kuma 1-1 a waje yaudara gare shi. Yana sa mai gida ya ɗauka yana gaba, alhali kuwa ga yadda abin yake. Ana 0-0 a Kumasi, ƙwallo ɗaya Hearts ke nema ta ɗau kofi gaba ɗaya. Da Kotoko ta ci aka koma 1-0, har yanzu ƙwallo ɗaya Hearts ke nema, sai dai yanzu fenareti zai kai ta. Wato cin da ya girgiza filin bai canja aikin da ke gaban Hearts ba ko kaɗan, ladan aikin kawai ya rage. In Kotoko ta buɗe baya tana neman na biyu aka mamaye ta, an koma fenareti. In ta ci na biyun ma ba a gama ba, don 2-2 kofin Hearts ne da ƙwallayen waje. Gaba kura, baya sayaki. Duk wanda ke zaune a bencin mai gida a irin wannan hali, zuciyarsa na raɗa masa abu ɗaya: rufe ƙofa.

Kotoko kuwa tana da tabon da ya sa raɗar ta fi ƙarfi. A Disambar 2002, a wannan fili dai, ta buga wasan ƙarshe na kofin masu kofi da Wydad ta Kasablanka. An ci ta 1-0 a Maroko, ta ci 2-1 a Kumasi, Wydad ta tafi da kofi saboda ƙwallon waje guda. Wata 25 kacal tsakani. Mutanen da suka cika filin ranar 9 ga Janairu su ne dai suka fita da hawaye a 2002, kuma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Duk lokacin da ɗan Hearts ya tsallaka tsakiyar fili da ƙwallo, sai ka ji filin ya yi tsit kamar malam ya ci shirwa. 'Yan wasa na jin irin wannan shiru a ƙafafunsu.

Ranar akwai hazo, hunturu ya busar da leɓe, ragunan layya sun fara shigowa gari don Babbar Sallah saura kwana goma sha. Mun shiga fili tun kafin azahar, a kan matakala muka yi salla da kwali. Rabin farko bai bar mini komai a ƙwaƙwalwa ba sai faɗuwar gaba. Ba a daɗe da dawowa hutu ba Charles Taylor ya ci.

Sai an san wane ne Taylor kafin a gane abin da ya faru a filin a wannan daƙiƙa. Yana cikin zaratan da suka ciyo wa Hearts kofin zakarun a 2000, tare da Ishmael Addo da Emmanuel Osei Kuffour. A 2003 ya koma Kotoko bayan dogon rikici kan cinikinsa, 'yan Phobia suka sa masa sunan maci amana. Yau ga shi ya zura wa tsohon gidansa ƙwallo a wasan ƙarshe na Afirka. Wani ƙato da ban taɓa gani ba ya ɗaga ni sama kamar buhun gawayi. Da na sauko na waiga, na ga Kawu zaune shi kaɗai cikin dubban mutanen da ke tsaye, hannunsa cikin aljihun da hular take, yana motsa baki. Ban sani ba ko salati yake ko zagi.

Daga nan Schmidt ya ɗaga allo ya fitar da Taylor. Saura kamar minti 10 a tashi Lawrence Adjah Tetteh ya farke.

Shin kuskure ne? Ni a ganina kuskure ne, amma ba don dalilin da ake faɗa a bes ba. Ana cewa da yana ciki da ya ƙara na biyu, wannan kuwa gaibu ne, babu mai iya rantsuwa a kai. Kuma cire ɗan gaba a sa mai sabon jini ya taya tsakiya aiki abu ne da kowane koci ke yi, har waɗanda muke yabo. Inda abin ya yi ciwo shi ne, Taylor ko bai taɓa ƙwallo ba yana tsare mutum biyu. 'Yan bayan Hearts sun yi shekaru suna atisaye da shi, sun san abin da zai iya yi musu in suka ba shi taku uku, don haka muddin yana tsaye a tsakiyar fili ba su isa su hau gaba da yawa ba. Da ya fita sai aka kwance musu dabaibayi. 'Yan gefe suka hau, 'yan tsakiya suka matso, wasa ya koma rabin Kotoko kacokan. Ƙungiyar da ta ja baya minti 20 tana kare ƙwallo guda, a gaban 'yan kallon da tsoro ya riga ya cika musu ciki, tana roƙon tsautsayi ne. Ga kuma saƙon da canjin ya aika wa ɓangarorin biyu: mai gida ya ce ya ƙoshi. Attuquayefio tsohon hannu ne, ba a yi masa irin wannan tayi sau biyu.

Sai dai a lura, abin da ya faru a Kumasi shi ne dai ya faru a Accra. Kotoko ta fara ci bayan hutu, ta koma kare ci, Hearts ta farke a ƙarshe. A Accra ba a yi wani canjin da ake zagi ba, amma sakamakon bai bambanta ba. In abu ya faru sau biyu cikin mako guda da fasali ɗaya, to ya wuce a ce hannun mutum ɗaya ne. Hearts ta wancan zamani ƙungiya ce da ta saba da manyan ranaku, akwai waɗanda suka ga Espérance a 2000 suka kuma doke Zamalek 2-0 a Super Cup na 2001, karawar masu riƙe da kofunan Afirka biyu, a nan Kumasi ma aka buga shi. Sun san minti 90 yana da tsawo. Kotoko tana da gwanaye, amma rabonta da kofin Afirka tun 1983, kuma ta sha kaye a wasan ƙarshe a 1993 da 2002. Ɗaya na wasa da sanin cewa ta taɓa yi, ɗayar na wasa da tsoron kada a sake.

Fenareti ba ni da abin faɗa da yawa a kansa, don rabinsa ta tsakanin yatsu na kalla. An wuce biyar-biyar aka shiga ɗaya-ɗaya. Kyaftin ɗin Hearts Amankwah Mireku ya ɓarar, Edmund Owusu-Ansah na Kotoko ya ɓarar, a ƙarshe kyaftin ɗinmu Joseph Hendricks ya ɓarar. Wanda ya ce a fenareti aka ci Kotoko bai yi ƙarya ba, amma kamar a ce ruwa ne ya kashe wanda aka tura rijiya.

Ba a yi jifa ba, alhamdu lillahi. Mutane suka fita shiru kamar an dawo daga maƙabarta. Daga filin har Aboabo a ƙasa muka taka, Kawu bai ce uffan ba, fuskarsa a murtuke kamar shi aka ci. Sai da muka shiga zaure ya sa sakata, sannan ya zaro hular nan duk ta cukurkuɗe, ya kafa a kai, ya yi wata irin rawa ba kiɗa ba sauti, don kada maƙwabta su ji. Mma ta leƙo ta ƙirga mu, ta ga mu biyu ne cif, ta koma madafa abinta. Ni kuwa tuwon daren nan bai wuce mini ba.

Na ce zan dawo kan maganar tsani. A Fabrairun 2005 Hearts ta je Aba buga Super Cup, Enyimba ta doke ta 2-0. Daga wannan wasa na Kumasi har yau babu kulob na Ghana da ya sake kai wa wasan ƙarshe na wata gasar CAF. Mun ɗauka asuba ce, ashe almuru ne. Kotoko da Hearts sun shiga rukunin gasar zakarun a 2006 ba su wuce ba. Berekum Chelsea ta shiga a 2012, Medeama a kakar 2023/24. A ƙaramar gasar Kotoko ta ga rukuni a 2008 da 2019, Medeama a 2016, Aduana Stars a 2018. In ka tara duka, abin bai cika tafin hannu ba a shekara 20.

Akwai injin da ke sa wanda ya faɗi ya ci gaba da faɗuwa, kuma mutane ƙalilan ne ke kula da shi. CAF tana auna ƙasashe da sakamakon kulob-kulob ɗinsu na shekara biyar, kuma maki ba ya fara shiga sai an kai rukuni. A gasar zakarun mai kofi yana samun 6, na ƙarshe a rukuni 1. A Kwanfedareshan mai kofi 5, na ƙarshe a rukuni rabin maki. Sannan a ninka na bana sau biyar, na bara sau huɗu, har zuwa ɗaya. Ƙasashe 12 na sama su ke tura kulob huɗu, sauran biyu kacal. Ghana ta daɗe da zamewa daga cikin 12 ɗin. Mai kulob biyu yana da rabin damar tara maki, rashin maki kuma ya hana shi komawa huɗu. Ƙofar da Kotoko da Hearts suka bi suka shiga gasar zakarun tare a 2004, yau a rufe take. Wasa irin na 9 ga Janairu sai dai in ɗaya ta ci lig ɗaya ta ci kofin ƙalubale na FA, kuma ko hakan ta faru gasa daban-daban za su shiga.

Sauran dalilan kowa ya san su, ba sai na ja ba. Yaro ya yi kaka ɗaya mai kyau an sayar da shi, wani lokaci ma bai taɓa buga lig ɗin gida ba, kamar Mohammed Kudus ɗan Nima da ya tashi daga makarantar ƙwallo ya wuce Denmark. A 2004 irinsa da Hearts zai fara. Tafiya wasa ɗaya a Afirka ta Arewa tana cinye kuɗin da kulob ke samu a ƙofa na wasanni da yawa. An dakatar da lig a 2018 bayan fallasar cin hanci da Anas Aremeyaw Anas ya yi. A 2021 Wydad ta zuba wa Hearts 6-1 a Kasablanka. A 2022 RC Kadiogo ta Burkina Faso ta fitar da Kotoko, a Kumasi, kuma da fenareti. A Satumbar 2024 CAF ta janye amincewarta da filin Baba Yara na wani lokaci saboda lalacewar ciyawa.

Sau ɗaya na sake jin ƙamshin irin waccan rana. A Afrilun 2024 Dreams FC, ƙaramin kulob da bai da tarin magoya baya, ya kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Kwanfedareshan, ya je Alƙahira ya riƙe Zamalek 0-0, ya zaɓi Baba Yara a matsayin gida. Kumasi ta fito ƙwai da kwarkwata, jajayen riguna da masu rawaya da shuɗi a benci ɗaya, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Tun a trotro na ji samari na cewa an gama, ai ba a ci mu a Masar ba. Na buɗe baki zan yi musu lissafin cewa 0-0 a waje ya fi 1-1 haɗari, don ko 1-1 aka tashi a nan Zamalek ce ta wuce, sai na ga ba wanda zai saurari mai furfura, na yi shiru. Zamalek ta ci 3-0.

Ina fitowa daga filin wayata ta yi ƙara. Kawu ne daga Nima, yanzu ƙafa ta hana shi zuwa kallo, a rediyo ya bi wasan. Na ɗauka zai yi jaje. Ya ce, "Ɗana, kana ina? Filin namu?" Na ce wane filin naku, Kawu? Ya ce, "Wanda muka ɗau kofi mana. Ka gaishe mini da Yaya, ka ce mata hular tana nan."